DUTAR: SUNA ƊAYA, MURYA DA YAWA



Maƙasudin wannan lacca shi ne nazarin wani abin kiɗa na Asiya ta Tsakiya mai suna dutar. Kalmar daga Farisanci take: du biyu, tar tsirkiya, watau mai tsirkiya biyu. Wanda ya san gurmi ko garaya zai iya kwatanta shi a zuci, sai dai wuyansa ya fi tsawo, fuskarsa kuma katako ce ba fata ba, kuma akwai matakan sauti ɗaure a wuyan. Abin da za mu gani shi ne, sunan bai sake ba, amma kowace al'umma ta ba shi muryarta, kowane zamani kuma ya bar masa tabo.

Tun a ƙarni na 10 Alfarabi ya bayyana wani ɗan'uwansa, tamburin Hurasan. Shi kuwa sunan dutar ya bayyana ne a ƙarni na 15, cikin littafin kiɗa na Alhusaini. Ana sassaƙa ƙoƙonsa da itacen tut, wanda tsutsar siliki ke cin ganyensa, a dā kuma da silikin ake murza tsirkiyar. Ashe ke nan itace guda ne ya ba shi jiki, ya kuma ba shi murya.

Idan muka dubi ire-irensa, na Turkumawa ƙarami ne, bai kai mita ɗaya ba, daga gungume guda ake fafe shi, tsirkiyarsa kuma ta koma ta ƙarfe a ƙarni na 20. Shi ne abokin bagshi, mawaƙin da ke rera dogayen labarai. Na Uzbekawa da Tajikawa ya fi girma, ƙoƙonsa tsage-tsagen katako ne da aka manna, muryarsa mai taushi ce, ya kuma shahara a hannun mata cikin gida. Na Uigur, a yammacin ƙasar Sin, yana cikin mafiya tsawo, ya zarce mita ɗaya nesa ba kusa ba.

To, me ke sāke kamannin abin kiɗa? Misalai biyu sun isa. Na farko, a Tashkent, daga shekarun 1930, hukumomin Tarayyar Sobiyet sun so a yi ƙungiyoyin makaɗa irin na Turai. Ashot Petrosyants da abokan aikinsa suka sāke jera matakan sautin bisa ma'aunin Turai, suka ƙera ƙanana da manya. Dutar ya shiga makaranta da babban zaure, amma wasu ƙananan sautuka na gargajiya ba su sami gurbi a sabon ma'aunin ba.

Na biyu, a Herat ta Afganistan, ba hukuma ce ta tilasta ba, rediyo ne ya ja hankali. Kamar yadda John Baily ya nuna, wajen 1950 tsirkiya ta zama 3, wajen 1965 kuma Muhammad Karim Herawi ya fito da mai 14, don ya iya kiɗan da ake so a Kabul. Har yau sunansa mai tsirkiya biyu.

Ɗaliban harshe za su gane wannan al'amari, domin haka daidaitaccen harshe yake yi wa karin harshe: ya ɗaukaka shi ta wani gefe, ya shafe shi ta wani. Daɗin daɗawa, akwai abin da ya fi daidaitawa muni. Hukumar UNESCO ta sanya dutar na Iran cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a 2019, na Turkumanistan a 2021. A cikin 2021 ɗin nan ne 'yan Taliban suka koma mulki suka hana kiɗa, a 2023 kuma aka ƙone kayan kiɗa a lardin Herat.

Saboda haka, ku da za ku riƙe gidajen rediyo da ma'aikatun al'adu, ku lura: ajiye abin kiɗa guda a gidan tarihi bai isa ba. Abin adanawa shi ne bambancin da ke tsakanin gari da gari, kuma wannan yana hannun masassaƙi da makaɗi. In sun tafi ba magaji, katako kawai ya rage.