Tausayin Da Ke Kwantar Da Mara Lafiya

Iyayenmu mata, yayyenmu da ƙannenmu, da iyayen gida da suka daure suka zauna can baya, sannunku da zuwa.

Duk shekara idan ranar nan ta zagayo, lissafi muke kawo muku: jarka nawa ta man gyaɗa muka sayar, wa ta kwashi adashe, wa ta biya bashi. Wannan Ma'aji za ta karanto in an jima. Mu yau laifinmu muka zo faɗa.

Kun san 'yar'uwarmu da ta faɗi da daminar bara tana cikin tuyar ƙuli-ƙuli. Ga ta nan zaune, kuma da izininta muke magana. Baki ya karkace, hannun dama ya saki, harshe ya harɗe. Aka ce iska ce, aka kwana biyu ana turare kafin a kai ta asibiti. Ashe shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jinin da ba ta san tana da shi ba ya jawo.

Da aka sallamo ta, sai muka raba kwana. Wannan ta ba ta abinci a baki, waccan ta yi mata wanka. Ko kofi ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai mu ce, “Haba Yaya, kwanta abinki!” Mu a ganinmu zumunci ne. Ranar da muka kai ta sashen gashi, likitar ta duba kafaɗa da yatsu sun fara sandarewa, ta tambaye mu wa ke yi mata komai. Muka amsa da alfahari. Ta ce to mu rage.

Ga abin da muka koyo. Idan wani sashe na ƙwaƙwalwa ya taɓu, sauran na iya koyon aikinsa, amma sai da maimaici, kullum kullum. Watanni 3 zuwa 6 na farko su ne aka fi samun sauƙi a cikinsu, mu kuwa mun so mu ƙarar da su a kan katifa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi duk bayan awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye wajen tayarwa, kafaɗar na iya gocewa. Kuma atisayen da aka nuna a asibiti, a gida ake cika shi. Ita da jan carbi ta fara, sai tsintar gyaɗa ɗaya-ɗaya daga tire zuwa kwano, sai tashi daga kujera ta zauna, ta sake tashi.

Ba za mu yi muku ƙarya ba, yatsu biyu har yanzu ba su dawo daidai ba, kuma da sanda take tafiya. Amma da ƙafarta ta shigo wurin nan.

Saura mu da muke ganin lafiyarmu ƙalau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Wunin da muke yi a zaune gaban kasko gajiya ce, ba motsa jini ba. Gishiri kuma kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Awon jini da ya riƙa kai 140/90, a je asibiti.

Don haka kwamiti ya yanke abu biyu. Mun sayi na'urar awon jini, duk ranar zubi sai an gwada kowa kafin a karɓi kuɗinta. Sannan za a ware wani abu daga riba don kuɗin motar duk wadda likita ya rubuta wa gashi, ko a asibitin kusa ne ko Asibitin Ƙashi na Dala.

Iyayen gida, roƙonmu ɗaya: in kun ga baki ya karkace ko hannu ya saki, ku nemo mota a take. Addu'a a yi ta a hanya.

Yaya, bismillah, taso ki karɓi takardarki ta yabo. Kada wadda ta riƙe ta.

Allah Ya ƙara mana lafiya da zumunci.