Shawara A Jikin Jarirai: Kada Mu Jira Ranar Suna



Wajen jarirai shida cikin goma sukan yi shawara a makonsu na farko. Dalilinta wani sinadari ne ruwan ɗorawa, mai suna bilirubin, wanda hantar jariri ba ta yi ƙwarin fitar da shi da sauri ba. Galibi yakan wuce da kansa. Amma in ya yi yawa sai ya taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya kurmance, ko ya nakasa har ƙarshen ransa.

A baƙar fata irin tamu, ido yakan ruɗi mutum. Shi ya sa akwai ƙaramar na'ura da ake ɗorawa a goshi ko ƙirjin jariri. Takan haska fatar, nan take ta nuna lamba, babu allura, babu zafi. In lambar ta hau, sai a tabbatar da gwajin jini, a sa yaro ƙarƙashin shuɗiyar fitila. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowane jariri wannan awo kafin a sallame shi daga asibiti.

Saboda haka, mu tambayi ma'aikatan asibiti wannan awo. A gida kuma mu duba farin idonsa da dasashinsa da hasken rana. In shawara ta bayyana ranar haihuwa, ko ya ƙi nono, ko barci ya yi yawa, mu kai shi asibiti a ranar. Mu raba kayansa da kafur, mu bar jiƙe-jiƙe.

Allah ya raya mana su. Amin.