Abinci da Abin Sha na Ƙasar Gumel da Haɗejiya: Jawabi a Taron Shekara na Ƙungiya

 

An nemi in yi magana a kan wuraren cin abinci da abin sha na yankinmu. Da farko na ɗauka ba'a 'yan kwamiti suke yi wa tsoho, domin haƙoran da suka rage mini ba za su iya da kilishi ba. Amma da na tuna abin da idona yake gani kowace Sallah, sai na amsa. Kukan iso gida da katon-katon na lemon kwalba da taliyar 'yan yara a bayan mota, ku kwana uku ku juya, ba tare da ko sisinku ya shiga hannun mai fura ko mai waina ba. Alhali da wannan cinikin ne aka saya wa da yawa daga cikinku littattafai. Na san haka, domin a hannuna iyayenku mata suka riƙa kwance bakin zane.

To, bari mu bi hanya. Wanda ya taso daga Kano ya iso mararrabar Gujungu, ya tsaya wurin masu tsire da balangu. Shawarata ita ce kada ku karɓi wanda aka riga aka naɗe a takarda. Ku tsaya a yanka a gabanku, a mayar da shi wuta. Yaji na ƙwarai ƙamshin ƙuli-ƙuli da citta da masoro yake fara yi kafin barkono ya bayyana. In kuwa zuwanku ya dace da Alhamis, ku ƙarasa Maigatari, ranar da shanu da raƙuma suke shigowa daga Nijar.

A Haɗejiya kifi ne sarki. Tarwaɗa da karfasa, ɗanye da banda, har daga Kudu ake zuwa saye. Ku nemi inda mata suke dafa farfesun tarwaɗa da safe, ko ku sayi banda a kasuwar kifi a yi muku miyar kuka da shi. Sai dai ku sani kogin ba kamar da yake ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, daga baya ta Challawa a 1992, ruwan da yake malala cikin fadamu ya sauya, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyinsa da dama. Masunci yau yana wahala fiye da kakansa, don haka kada ku matsa masa da ciniki.

Game da abin sha, na san wasu sun so su ji ko zan ambaci burkutu da giya. Addininmu ya hana, jiharmu kuma tana bin Shari'a tun 2000. A nan na tsaya. Muna da abin da ya ishe mu: fura da kindirmo, kunun tsamiya, kunun zaƙi, kunun aya, da zoɓo. Zoɓon nan da manomanmu suke nomawa ana loda shi a manyan motoci zuwa Ikko, daga can jirgin ruwa ya kai shi Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Mutanen wata nahiya suna biyan kuɗin jirgi a kansa, 'ya'yanmu kuwa suna yamutsa fuska in an miƙa musu!

Ba zan ɓoye aibinmu ba. Da yawanku tsoron ruwan da ake haɗa shi da shi ne yake hana ku, kuma kuna da gaskiya, musamman da damina. Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu biyu. Ta saya wa matan da suke wannan sana'a a bakin tasha mazubai masu murfi, a kuma koya musu tafasa ruwa kafin haɗi. Sannan daga taron baɗi, kuɗin da ake warewa na lemon kwalba a ba su, su kawo mana zoɓo da kunun aya. Ma'aji yana nan zaune, ina fata ya rubuta.