Yadda Ake Koya wa Likita Tunani, da Namu Rabon Aikin

An ba mu 'yan mintoci mu yi magana a kan ƙorafin da muke yawan ji in an dawo daga asibiti: "Likitan nan bai san aiki ba, tambaya kawai yake yi, ko allura bai rubuta ba." Muna so mu nuna cewa tambayar nan ita ce tsakiyar aikin likita, cewa koyar da ita ake yi, ana kuma jarraba ɗalibai a kanta, sannan mu ma muna da hannu a ciki.

Bari mu fara da abin da ya faru a maƙwabciyarmu Zamfara. A shekarar 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Alamomin kuwa sanannu ne: amai, jijjiga, suma. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, haka kuma aka ɗauka da fari. Aka ba da magani, yara ba su tashi ba. Sai ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF suka lura cewa a cikin gidajen ake daka duwatsun zinariya. Aka auna jinin yaran, aka sami gubar dalma. Kimanin yara 400 suka rasu. Abin da ya buɗe hanyar ceton sauran shi ne wani ya tsaya ya ce, in ba sauro ba ne, to mene ne?

Masana sun daɗe suna binciken yadda likita yake tunani. A 1978, Arthur Elstein da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Mishigan a Amurka suka fitar da sakamakon kallon da suka yi wa likitoci suna duba marasa lafiya. Sun gano cewa tun a mintocin farko likita yake kawo zato uku ko huɗu a zuciyarsa, sa'an nan ya bi su da tambaya da gwaji yana tankaɗewa. Sun kuma gano cewa likitan da ya yi fice a kan wata cuta yana iya yin tuntuɓe a kan wata. Wato basira ita kaɗai ba ta isa ba, sai ɗalibi ya ga marasa lafiya da yawa, iri dabam dabam.

Ina ne tuntuɓen ya fi yawa? A 2005 Mark Graber da abokansa suka bi diddigin kurakurai 100 na gano cuta. Rashin sani bai yi yawa a cikinsu ba. Abin da ya fi fitowa shi ne saurin yanke hukunci: likita ya kama zato na farko, ya daina neman wani. An ga irin wannan a Afirka ma. Wani bincike da aka buga a 2004 daga asibitoci 10 na Tanzaniya ya nuna cewa fiye da rabin waɗanda aka yi wa jinyar maleriya mai tsanani ba a ga ƙwayar cutar a jininsu ba, kuma mutuwa ta fi yawa a cikinsu: wajen 12 cikin 100, alhali masu ƙwayar wajen 7 cikin 100 ne. Ana zuba musu maganin sauro, ainihin ciwon yana can yana cin su. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin maleriya.

To, yaya ake koyar da wannan tunani? A da, ɗalibi ya haddace littafi ne ya bi babban likita yana kallo. A 1969 Jami'ar McMaster ta Kanada ta soma wata hanya: a ba ɗalibai kaɗan labarin mara lafiya, su yi ta muhawara a kan abin da zai iya zama da gwajin da zai raba gardama. A gefen gadon mara lafiya kuma, malamin kirki ba ya tsayawa a kan "wace cuta ce?" Yakan ƙara da "me ya sa ka ce haka, mene ne kuma bai dace da zatonka ba?"

Jarrabawa ma ta sauya. Tsohuwar hanya ita ce a ba ɗalibi mara lafiya guda, ya duba shi, ya zo ya yi wa malamai bayani. Amma tun da iya cuta ɗaya ba ya tabbatar da iya wata, sakamakon yakan rataya a kan sa'a. A 1975 Ronald Harden na Dundee a Sikotilan ya bayyana jarrabawar da ake kira OSCE: ɗalibi yana zagaya tashoshi da yawa, 'yan mintoci a kowace, nan ya yi tambayoyi, can ya duba ciki, gaba ya karanta sakamakon jini, kuma ma'auni ɗaya ake yi wa kowa. Makarantun likitanci da dama a Nijeriya sun karɓi wannan hanya.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Illela da Dundee? Ruwanmu yana nan. In ciwo ya fi ƙarfin asibitinmu, Sakkwato ake tura mu, tafiyar fiye da kilomita 80, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Waɗansunmu kuma sukan ƙetare ta Ƙwanni zuwa asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a 1950, inda ake horar da likitocin fiɗa. A duka biyun za mu tarar da masu koyo. Shekara shida suke yi a makaranta, da shekara guda ta sanin makamar aiki, kuma a jikinmu da bakinmu suke koyon tunani. Saboda haka ga abubuwa huɗu da muke roƙon dattawa su kai wa jama'a.

Na farko, mu ba da labari cikakke. A 1975 wani bincike a Nottingham ta Ingila ya nuna cewa cikin marasa lafiya 80, an gane ciwon 66 daga takardar turowa da bayanin bakinsu, kafin a taɓa su. Mu faɗi ranar da ciwo ya fara, sana'ar da muke yi, ruwan da muke sha, da ko wani a gida yana da irinsa. Ku tuna, sana'ar gida ce ta tona asirin dalma a Zamfara.

Na biyu, kada mu ɓoye maganin da muka sha. Ko na kemis ne, ko na 'yan tallar kasuwa, ko wanda aka sayo daga Ƙwanni, ko jiƙo, mu tafi da kwalinsa ko mu faɗi sunansa. Magani yakan rufe alamun cuta, ya ɓatar da likita. Kunya a nan ba ta da riba.

Na uku, batun harshe. Ikklisiyoyinmu sun tara mutane daga Zuru, Filato, Kudancin Kaduna, ƙasar Ibo da ta Yarabawa, kuma ba kowa ne Hausa ko Turanci ya zauna masa ba. Tsohuwar da ta iya cewa "jikina" kawai ba ta ba likita abin kamawa ba. Kowace ikklisiya ta ware mutum biyu ko uku masu riƙe asiri, mata ga mata, waɗanda za su riƙa raka marasa lafiya su yi tafinta.

Na huɗu, mu daina matsa wa ma'aikaci sai ya yi allura ko ƙarin ruwa. In gwaji ya ce ba maleriya ba ce, kada mu yi fushi mu nufi kemis. Mu tambaya cikin ladabi: "Likita, mene ne kuma zai iya zama? Wace alama zan gani in dawo da sauri?" In an sha magani kwana biyu ko uku babu sauƙi, a koma a faɗa, domin rashin jin magani ma labari ne da zai sa a sake tunani. In kuwa akwai jijjiga, sanƙarewar wuya ko suma, ba a jira.

Game da ɗalibai, mara lafiya yana da ikon ya ƙi a koya da jikinsa, ba kuwa laifi ba ne. Amma wanda ya iya haƙuri da ɗalibin da ke maimaita tambaya, ya sani yana gyara likitan da zai duba jikokinsa ne. Ku kuma 'ya'yanmu da ke makarantun likita, jinya da kiwon lafiyar al'umma, kada ku tsaya ga haddar cin jarrabawa. Ku zauna kusa da gado, ku saurara, ku saba da cewa "bari in tambayi na gaba da ni." Gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido.

Muna roƙon kowane dattijo ya karanta waɗannan abubuwa huɗu a lokacin sanarwa ranar Lahadi, a kuma kawo sunayen masu rakiya a zama na gaba. Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu duba su hikima.