Tashe: Gadon da Ke Neman Magada



An nemi in yi tsokaci a kan wasanninmu na gargajiya, sai na zaɓi tashe, domin shi ne ya haɗa waƙa da kiɗa da kwaikwayo wuri guda. Daga goma ga watan azumi, bayan an sha ruwa, yara kan bi gida-gida. A wasan Jatau Mai Magani suna jin sunayen itatuwa da amfaninsu. A na Mairama da Daudu 'yan mata suna koyon ladabin zaman aure. A birnin Kano kuwa, Nalako ne ke tsokanar gwauraye. Ana dariya, ana kuma ɗaukar darasi.

To, jama'a, wannan gado yana neman kuɓuce mana. A shekarar 2024 rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta dakatar da tashe, saboda ɓatagari na fakewa da shi suna ƙwacen wayoyi. A nan Garun Mallam kuma, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noman rani ya zame mana arziki, alhamdu lillahi. Amma saurayin da ya wuni yana ban ruwa a Kadawa, ko lodin tumatir a Kwanar Gafan, da dare wayarsa zai runguma. Yaron da bai taɓa kallon tashe ba, yaya zai iya yin sa?

Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. Turawa suna da wasan waƙe da ake kira opera, wanda ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600, su ma masu furfura suka fi cika kujerunsa. Amma ba su naɗe hannu ba. Tun 2006 babban gidan opera na birnin New York, a Amurka, yake haska wasanninsa kai tsaye a gidajen silima. Wato sun bi 'yan kallo har inda suke.

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawarwari uku. Na farko, mu ɗauki nauyin gasar tashe tsakanin azuzuwa kowace shekara, a harabar makaranta, gaban malamai da iyaye, inda ɗan daba ba shi da mafaka. Na biyu, ɗalibai su je wurin tsofaffi, musamman iyayenmu mata, su naɗi waƙoƙin kafin ƙasa ta rufe idanunsu. Na uku, a bar yara su ƙirƙiro sababbin wasanni a kan rigimar rabon ruwa, ko faɗuwar farashin kwandon tumatir, a ɗauka da waya a yaɗa.

Hausawa na cewa da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Ma'aji yana nan zaune, kuma azumi ba ya jiran kowa. Allah Ya ba mu ikon cikawa, amin.