Iskar Rediyo Amanar Jama'a Ce

Jawabin da aka gabatar a taron Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, reshen Tarauni, albarkacin Ranar Rediyo ta Duniya

 



Ranar 13 ga Fabrairu ta kowace shekara ita ce hukumar UNESCO ta keɓe don tunawa da rediyo, kuma tun 2012 ake raya ta. A irin wannan rana an saba a yabi masu gabatar da shirye-shirye, a tuno da mazan jiya. Sun cancanci yabon. Amma ni a yau ina neman izininku in karkata zuwa ga wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato mai sauraro, da haƙƙinsa na ya ji tashar da ya kama ba tare da wata ta danne ta ba. Da yawa daga cikinmu, daga Hotoro har Gyaɗi-Gyaɗi, mun san yadda mutum kan kama tasha yana jin labarai, sai ga kiɗan wata tashar ya kutso, ko muryoyi biyu su cakuɗe, ko ƙara ta rufe magana. Mukan murɗa, mu ja eriya, mu ce rediyon ce ta tsufa. Wani lokaci haka ne. Wani lokacin kuwa matsalar tana can sama, a cikin iskar da aka ɗora wa hukuma alhakin tsara ta.

Me ya haɗa malamin firamare da wannan batu? Shekarar 2020 ta ba da amsa. Da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, darussan rediyo da talabijin ne suka tsaya a madadin aji. Iyalin da ke da intanet da babbar waya sun sami wata hanyar. Mafi yawan yaran da muke koyarwa kuwa ba su da abin da ya wuce ƙaramar rediyo mai batir, ko wayar mahaifiya mai kama FM. Babba in ya rasa jimla ɗaya a cikin labarai, yakan cike gurbin da hankalinsa. Yaro ɗan aji biyu da ake koya wa sautin baƙaƙe, in ƙara ta cinye bambancin "ƙa" da "ka", darasin ranar ya tafi, kuma ba shi da damar ɗaga hannu ya ce malam a maimaita. Ba mu da tabbacin cewa ba za a sake rufe makarantu ba, ko don cuta, ko don rashin tsaro, Allah Ya kiyaye. Saboda haka tsabtar iskar rediyo tana cikin kayan aikinmu, kamar allo da alli.

Kano ta daɗe da rediyo. Tun 1944 Turawan mulkin mallaka suka kafa tashar rarraba shirye-shirye ta waya a birnin nan, kuma a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu Bello Ɗandago da Isa Kaita suna karanta labarai da Hausa daga Ankara ta ƙasar Gana. Sunan na farkon ne gidan Rediyon Kano yake ɗauke da shi har yau. Shekaru da dama bayan haka tashoshi 'yan kaɗan ne, dukansu na gwamnati, kuma iska a sake take. A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, wato NBC, da doka mai lamba 38, aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma ta fara a Kano a ƙarshen 2003. Yau in ka murɗa rediyo daga ƙasa zuwa sama za ka tarar da Dala a 88.5, Rediyon Kano a 89.3, Arewa a 93.1, Wazobia a 95.1, Cool a 96.9, Rahma a 97.3, Freedom a 99.5, Pyramid a 103.5, da wasu da dama a tsakani. Wannan yawa alheri ne. Ya ba talaka bakin magana, ya ba 'ya'yanmu aikin yi. Sai dai filin da aka yi wa kowa rumfa a ciki bai ƙaru da ko taku ɗaya ba.

Bari mu yi lissafi irin na ɗan aji shida. Zangon FM yana farawa daga megahaz 87.5 ya ƙare a 108, wato faɗinsa 20.5 ke nan. Kowace tasha tana cin kusan 0.2, kuma tana bukatar a bar mata sarari hagu da dama. In an bar tazarar 0.8 tsakanin tashoshin gari ɗaya, kamar yadda aka daɗe ana yi wa manyan tashoshi a Amurka, gurbi ashirin da biyar ake samu. In an matse zuwa 0.4, a sami kamar hamsin, amma fa sai kowa ya tsaya cak a gurbinsa. Sannan ba Kano kaɗai ke amfani da zangon ba. Akwai Jigawa, akwai Katsina, akwai Kaduna, akwai maƙwabtanmu na Damagaram da Maraɗi. Shi ya sa tun 1984 ƙasashen Afirka da Turai da wasu na Asiya suka zauna a Janiba, ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, suka tsara yadda za a raba zangon FM tsakaninsu.

Mu da muke zaunar da yara biyar a bencin yara uku mun san abin da matsi ke haifarwa. Haka abin yake a iska, ta hanyoyi huɗu da ya kamata mu sani.

Ta farko, rediyon FM tana da ɗabi'ar bin mai ƙarfi. In muryoyi biyu suka zo mata a gurbi ɗaya ko dab da juna, sai ta ɗauki wadda ta fi ƙarfi ta yi watsi da ɗayar. Shi ya sa ƙaramar na'ura da ke bayan gidanka take iya danne babbar tasha da ke nesa.

Ta biyu, wanda gidansa ke gindin dogon ƙarfen watsa shirye-shirye, ƙarfin muryar yakan fi ƙarfin rediyonsa, musamman mai araha ko ta waya, har ya riƙa jin tasha ɗaya a wurare da dama. Wannan ya shafe mu, domin unguwannin da a da suke bayan gari, kamar Hotoro, yanzu gidaje sun cika su, sun kewaye ƙarafunan da aka kafa tun suna fili.

Ta uku, muryoyi biyu masu ƙarfi sukan gauraya su haifi ta uku wadda ba wanda ya watsa ta. A misali, in akwai tasha a 96.0 da wata a 97.0, gaurayensu na iya fitowa a 95.0 da kuma 98.0, ya faɗa kan wata tashar da ba ruwanta. Na'urar tacewa ce ke hana wannan, kuma tana da tsada. Abin lura a nan shi ne, daga 108 zuwa 137 zangon jiragen sama ne, inda na'urorin saukar da jirgi suke aiki, matuƙi kuma yake magana da hasumiya. A birnin da ke da filin jirgin Malam Aminu Kano a tsakiyarsa, wannan magana ta wuce ta nishaɗi.

Ta huɗu, tasha na iya ƙure sautinta don a ji ta fi kowa amo, ko ta ƙara ƙarfin na'ura fiye da abin da lasisinta ya yarje mata, sai ta malala cikin gurbin maƙwabciyarta.

Yanzu sai batun ƙananan tashoshi masu maimaitawa. Muryar FM ba ta cika wuce inda ido zai hango daga saman eriya ba, kuma dutse na tare ta. Jiha mai ƙananan hukumomi 44, wadda ta miƙa har Tudun Wada da Doguwa, ba za ta wadatu da ƙarfe ɗaya a birni ba. Maganin da aka sani shi ne a kafa ƙaramar na'ura a can, ta karɓi shirin babbar tasha ta sake watsa shi a wani gurbin. Ga ɗan makarantar ƙauye wannan rahama ce. Amma in aka kafa irinta a cikin cunkoson birni, ko aka kunna ta ba lasisi, sai ta zama mai danne wasu.

Amurka ta sha fama da wannan, kuma akwai darasi a yadda ta ɓullo masa. A can irin waɗannan na'urori ba sa wuce wat 250, kuma doka ta ajiye su a matsayi na biyu: in suka shiga haƙƙin tashar da suka tarar, su ne za su gyara, ko su sauya gurbi, ko su yi shiru. A 2019 hukumar sadarwar ƙasar ta sabunta ƙa'idar ƙorafi. Ta ce tashar da aka cuta ta kawo rubutaccen koke daga masu sauraro, daga mutum shida zuwa ashirin da biyar gwargwadon yawan jama'ar da take yi wa aiki, kowa ya faɗi ainihin wurin da yake samun matsalar, ya kuma tabbatar ba shi da wata alaƙa da tashar. Abin da ya ja hankalina shi ne, shaidar mai sauraro ce ginshiƙin shari'ar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan gida, NBC ce ke karɓar takardun neman lasisi ta miƙa wa Shugaban Ƙasa, ita ce ke ba tasha gurbi, ita ce kuma ke da alhakin duba na'urori da karɓar koken jama'a. Amma mu tambayi kanmu, yaushe muke jin sunanta? Mun ji shi a watan Agusta 2022, da ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 saboda bashin kuɗin sabuntawa, kafin daga baya ta dakatar da matakin. Mun ji shi a watan Mayu 2023, da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa ba ta da hurumin cin tashoshi tara. Duk waɗannan rigingimu ne kan kuɗi da kan abin da aka faɗa. Ana iya saɓani a kansu, kuma ana yi. Aikin da ba mai jayayya cewa nata ne, wato tabbatar da kowa ya tsaya a gurbinsa da ƙarfin da aka ba shi, shi ne wanda jama'a ba su cika tambayarta a kai ba. Hukuma kuwa, kowace iri ce, takan fi kula da inda ake buga mata ƙofa.

Kada a fahimce ni da cewa ina kiran a rufe ƙananan tashoshi. Sai a 2015 aka ba rediyon al'umma lasisi 17 na farko a duk faɗin ƙasar nan, bayan shekaru ana fafutika, kuma muna bukatar ƙari. Haka nan bai dace a fake da batun na'ura a toshe bakin tashar da ta faɗi abin da bai yi wa masu mulki daɗi ba. Tsari mai adalci ƙaramar tasha ya fi karewa, domin in aka bar iska ga mai ƙarfi, mai kuɗin sayen babbar na'ura ne zai cinye ta.

To mene ne namu a ciki? Ina da shawarwari huɗu ga wannan reshe.

Da farko mu koyi rarrabe matsalar gida da ta waje, don kada mu zargi wanda bai ci ba bai sha ba. Ƙwan lantarki mai araha, da caja, da inbatar sola, da janareta, duk suna iya jefa ƙara cikin rediyo. A sa batir, a kashe su ɗaya bayan ɗaya. In ƙarar ta ɗauke, an gano ɓarawon. In kuwa muryar wata tasha ce ake ji, kuma maƙwabta ma suna jin ta a rediyonsu, to abin daga waje yake.

Na biyu, mu riƙa rubutawa. Mu ne ma'abota rijista. Kwanan wata, lokaci, unguwa, lambar tashar da aka kama, da abin da aka ji yana kutsowa. Koke ɗaya na baka iska ke ɗauke shi. Takarda mai ɗauke da shaidar malamai ashirin daga Hotoro, Daurawa, Unguwa Uku da Darmanawa, ba mai ture ta.

Na uku, reshe ya ɗora wa mutum biyu ko uku tattara waɗannan bayanai. A fara kai wa tashar da ake dannewa, domin injiniyoyinta sun fi kowa son sani, sannan a rubuta wa NBC da hatimin ƙungiya. A cikin takardar mu roƙi hukumar ta riƙa wallafa sunayen tashoshin Kano masu lasisi, da gurbin kowace da ƙarfinta, yadda kowa zai iya dubawa.

Na huɗu, mu nemi Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, duk lokacin da za a sake shirya darussan rediyo, ta sa su a tasha fiye da ɗaya, har da zangon AM mai cin nisa, a maimaita su a wani lokacin na daban, a kuma tambayi malaman unguwanni ko ana ji sosai kafin a ce an kai ga yara.

'Yan'uwa, iskar nan ba gadon kowa ba ce. Lasisi aro ne da al'umma ta ba mai tasha ta hannun hukuma, kuma sharaɗin aro shi ne kada a cuci mai kaya. Yaron da ke zaune a tsakar gida da littafinsa a cinya, yana jiran muryar malami, yana cikin masu kayan. Ba zai iya rubuta wa hukuma ba. Mu muna iyawa.