ƊAWAINIYAR NEMAN BAYANI A KAN HAƘƘIN MA'AIKATA

Jawabi ga masu ɗaukar ma'aikata da ma'aikatansu a Fadaman Mada, Bauchi



Abin da ya kan hana mutane tambayar hukuma a kan fansho da diyya shi ne tsoron ɗawainiyar takardu. To, ita wannan ɗawainiya tana ƙiyastuwa, kamar yadda ɗan kasuwa ke lissafin kuɗin mota kafin ya tafi fatauci. A Amurka ma, tun daga 1980 doka ta wajabta wa ma'aikatun gwamnati su ƙiyasta sa'o'in da cika takardunsu ke ci wa jama'a.

Dokar Fansho ta 2014 ta shafi kowane wurin aiki mai zaman kansa da ke da ma'aikata 15 ko fiye. Mai wurin zai zuba aƙalla kashi 10 cikin 100 na albashi, ma'aikaci kashi 8, cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. A ce mai makarantar kuɗi a unguwar nan yana da malamai da masu gadi 16, amma bai tabbatar ba ko na wucin gadi suna cikin lissafi. Lalle ya tambaya a rubuce, ya kuma kasa ɗawainiyar gida huɗu.

Na farko, tattara takardu, watau shaidar rajistar makarantar, da takardun ɗaukar aiki, da jerin albashi. Nan lokaci ya fi tafiya, musamman in akawu ba ya adana fayil.

Na biyu, rubuta wasiƙa. Tambaya ɗaya a shafi ɗaya ta isa, a faɗi yawan ma'aikata da irin aikin kowa, ba tare da ɓoye kome ba, domin amsar hukuma a kan abin da aka gaya mata take tsayawa.

Na uku, isarwa. Ofishin Hukumar Fansho ta Ƙasa na Arewa maso Gabas yana Gombe, kimanin kilomita 150 daga Bauchi. A auna kuɗin mota da yinin da za a rasa, a gwada da aikawa ta gidan waya ko intanet. Wanda ya kai da hannu ya nemi a buga masa hatimi a kan kwafinsa.

Na huɗu, jira. Idan abin da ake nema bayani ne da ke cikin takardun hukuma, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ta kwana 7 ta amsa.

Daga nan sai a gwada jimlar da hasarar yin shiru. In albashin makarantar Naira 1,000,000 ne a wata, kuɗin fansho ya kama Naira 180,000. Tarar jinkiri ba ta kasa kashi 2 cikin 100 ba, watau Naira 3,600 kowane wata, ga kuma uwar kuɗin tana nan bashi.

Ma'aikaci ma haka. Bisa ga Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wanda ya ji rauni a bakin aiki zai sanar da maigidansa cikin kwana 14, ya nemi diyya a hukumar NSITF cikin shekara ɗaya. Mai jinkiri don gudun takarda yana iya rasa haƙƙin iyalinsa.

Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna, amin.